Darasi na 14: Idon mutum-mutumi

Mu karanta

A shekarar 1903 aka yi yaƙin Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya rasu. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a suka nufi gabas. Suka zauna a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar, a ƙasar Sudan. Garin nan shi ne Mai Wurno. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar. Ruwanta ya bi magudanai ya shayar da gonakin Jazira. Hausawa da yawa sun yi aikin auduga a can.

Mai tsinkar auduga da ido yake aiki. Yakan ɗauki farar auduga, ya bar ganye da ƙasa, domin auduga mai datti ba ta daraja a kasuwa. To, inji fa? Yana iya rarrabe launi kamar mutum?

E, yana iyawa, amma sai an koya masa. Akwai ƙananan mutum-mutumi masu taya da ake koyar da yara da su. Ɗaya daga ciki shi ne EV3, wanda kamfanin LEGO ya fitar a 2013. Ana ɗaura masa wata ƴar na'ura a gaba, tana kallon ƙasa. Mu kira ta idon launi.

Idon yana da ƴar fitila. Fitilar takan haska abin da ke gabanta, hasken ya dawo, idon ya auna shi. Farin abu yakan maido haske da yawa. Baƙin abu yakan shanye shi. Jan abu kuwa jan haske yake maidowa. Da haka idon EV3 ke gane launi 7: baƙi, shuɗi, tsanwa, rawaya, ja, fari da ƙasa-ƙasa.

Gani kaɗai bai isa ba. Dole a gaya wa mutum-mutumi abin da zai yi. Ana ba shi umurni a kwamfuta da tubala masu launi. Kowane tubali umurni ɗaya ne. Yaro yakan jawo su ya jera, kamar yadda magini ke ɗora tubali bisa tubali. Shirin Scratch, wanda ya fito a Amurka a 2007, shi ya yaɗa wannan hanya a makarantu.

A ce mun zana gona a takarda. Hanya baƙa ce, auduga fara, magudanar ruwa shuɗiya. Ga jerin tubalanmu:

1. Idan aka danna maɓalli, fara.
2. Maimaita ba tsayawa:
 – in ka ga baƙi, ci gaba;
 – in ka ga fari, tsaya ka yi ƙara;
 – in ka ga shuɗi, ja da baya ka juya.

Ku lura da tubalin «maimaita». In babu shi, mutum-mutumi sau ɗaya zai duba ƙasa, ba zai sake dubawa ba. Idan kuma muka manta da tubalin shuɗi, ba zai san magudana ba ko da ya iso bakinta. Laifin ba nasa ba ne. Abin da aka jera masa kaɗai yake bi.

Ga wani abin lura. Shuɗin Nilu yana fitowa daga tafkin Tana a Habasha, ya haɗu da Farin Nilu a Khartum. Sunansa shuɗi, amma da damina ruwansa ƙasa-ƙasa ne saboda laka. Inji bai san suna ba, haske kawai yake aunawa. Shi ya sa hasken rana mai ƙarfi ko ƙura kan ruɗe shi. A sa idon kusa da takarda, tazarar kamar kaurin yatsa, a share shi, kuma a gwada kowane launi kafin a sake shi ya tafi.

Da irin wannan ido manyan injuna ke tsince shinkafa da riɗi a masana'antu, su fitar da tsakuwa da baƙin ƙwaya.

Mu gwada

Ko babu inji, za ku iya wannan wasa. Ku shata hanya a fili da gawayi, toka da shuni. Ɗalibi ɗaya ya zama mutum-mutumi. Sauran su rubuta umurni a allo. Kada ya yi kome sai abin da aka rubuta. In ya ɓata, ku nemi tubalin da ya rage.

Tambayoyi

1. Wa ya kafa garin Mai Wurno?
2. Don me baƙin abu ba ya maido haske da yawa?
3. Mene ne amfanin tubalin «maimaita»?
4. Ƙara tubali ɗaya: me mutum-mutumi zai yi in ya ga tsanwa?

Kalmomi

mutum-mutumi: le robot; launi: la couleur; haske: la lumière; auduga: le coton; umurni: l'ordre.

Mu riƙe

Ido yana auna haske. Tubala suna ba da umurni. Mai jera tubala shi ke da alhakin abin da inji ya yi.