Darasi: Abin Da Jini Ke Faɗa Game Da Ciwon Daji

'Yar'uwa, ciwon daji yakan saki wasu sinadaran furotin cikin jini, likitoci kuma suna auna su. AFP yakan hau idan daji ya kama hanta, shi ya sa ake shawartar yawancin masu ciwon hanta nau'in B su yi gwajinsa da hoton ciki duk wata 6. Shi kuwa CA-125, da aka gano a 1981, ana duba shi kan dajin ƙwan mace. Amma kar ki firgita don ya hau: jinin al'ada, juna biyu da ƙari a mahaifa duk suna ɗaga shi. Gwajin ishara ce kawai, sai likita ya ƙara bincike. In cikinki ya daɗe yana kumburi, bar jiƙe-jiƙe, je asibiti.