Lutu a Ƙofar Saduma: Darasi ga Iyalin Mai Bi

Karatu: Farawa 13:5-18, 19:1-38, 2 Bitrus 2:6-9

Lutu maraya ne. Mahaifinsa Haran ya rasu tun suna Ur ta Kaldiyawa, saboda haka a hannun kakansa Tera da baffansa Ibrahim ya tashi. Sa'ad da Allah ya kira Ibrahim yana da shekara 75 ya bar garin Haran zuwa Kan'ana, Lutu ya bi shi. Ya ga bagaden da baffansa ya gina a Shekem da kusa da Betel, ya bi shi Masar lokacin yunwa, ya kuma komo tare da shi da garkuna da tantuna nasa na kansa. A cikin mutanen zamaninsa kaɗan ne suka sami irin wannan reno. Manzo Bitrus ma ya kira shi adali har sau uku a cikin ayoyi biyu (2 Bitrus 2:7-8). Duk da haka, labarinsa a littafin Farawa ya ƙare yana cikin kogo, ba mata, ba dukiya, 'ya'yansa mata biyu kuwa sun ɗauki ciki daga gare shi. Abin da ya kamata iyalin mai bi su bincika shi ne yadda mutumin kirki ya kai gidansa wannan wuri.

Zaɓin da ido ya yi

Arziki ne ya raba su. Dabbobi sun yi yawa, makiyaya ta yi kaɗan, makiyayan Ibrahim da na Lutu suka fara faɗa. Duk wanda ya zauna a ƙasar noma da kiwo ya san inda irin wannan faɗa yake kaiwa in ba a kashe shi da wuri ba. Ibrahim, ko da yake shi ne babba, ya bar wa ƙaraminsa zaɓi. Bisa ga ladabi, da Lutu ya mayar wa baffansa maganar, amma bai yi ba. Ya ɗaga ido ya dubi kwarin Urdun, ya ga ruwa ko'ina, ƙasar ta tuna masa da Masar, sai ya ɗauka.

A lissafin makiyayi, zaɓin ba shi da aibi. Betel da Hebron suna kan tuddai, wajen mita 900 bisa teku, ƙasa mai duwatsu wadda take dogara ga ruwan sama. Kwarin kuwa yana gangarawa har Tekun Gishiri, fiye da mita 400 ƙasa da teku, wuri mai ɗumi inda ciyawa ba ta jiran damina a bakin ruwa. Lutu ya auna ruwa, ya auna ciyawa, ya auna kasuwa. Abu guda ne bai sa a ma'auni ba, shi ne kuwa Farawa 13:13 ta ambata nan da nan: halin mutanen da zai zauna a cikinsu. Ya yi wa tumakinsa tunani mai kyau, 'ya'yansa ne bai yi wa ba.

Wannan lissafi bai tsufa ba. Magidanci yakan sami canjin wurin aiki zuwa Legas ko Fatakwal, ko ya tafi neman abinci Abuja, ya tambayi kuɗin haya, nisan tasha da ko akwai wuta da ruwa a unguwar. Sai bayan an sauke kaya ake tambayar inda majami'a take, da su wane ne yaran maƙwabta. Haka ma wajen zaɓen makaranta: akwai iyaye masu bi da suke kai ɗansu inda aka san ana sayen amsa a jarrabawa, don kawai sakamako ya yi kyau. Sun koya masa da kuɗinsu cewa gaskiya tana da farashi, sa'an nan ran Lahadi su tura shi makarantar Lahadi ya haddace Dokoki Goma.

Kusa, ciki, sa'an nan bakin ƙofa

Mai karatu ya lura da ayoyi uku. A Farawa 13:12 Lutu ya kafa tantinsa kusa da Saduma ne kawai. A 14:12 yana zaune a cikin birnin. A 19:1 yana zaune a ƙofar gari, wato inda dattawa suke shari'a da ciniki, tanti kuma ya zama gida mai ƙyaure. Babu ayar da ta ce ya tashi wata rana ya yi shawarar zama Basadume. Kowane mataki ƙarami ne, kowanne kuma yana da hujjarsa. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, mai zaman kuwa ba ya jin saukar ƙurar.

Allah bai bar shi ba gargaɗi ba. Sarakuna huɗu sun yaƙi biyar na kwarin, aka kwashe Lutu da kayansa. Ibrahim ya tashi da mutanen gidansa 318, ya fafari maharan har Dan, ya ƙwato shi. A nan Lutu ya sami damar ganin bambanci, gama baffansa ya ƙi karɓar ko zare daga hannun sarkin Saduma, don kada a ce Saduma ce ta azurta shi. Lutu kuwa ya koma birnin. In an bi shekarun Ibrahim, 86 a ƙarshen sura 16, 99 a farkon sura 17, za a ga Lutu ya ƙara fiye da shekara 13 a can bayan wannan tsira.

Me ya riƙe shi? Yawancin wa'azi kan Saduma yakan tsaya kan ƙazantar da ta faru a ƙofar gidan Lutu da dare, ba kuwa ƙarama ba ce. Amma annabi Ezekiyel (16:49) ya jera wasu laifofi a gaba: girmankai, ƙoshi, zaman sakewa, da ƙin taimakon matalauci. Ubangiji Yesu kuma, da ya yi zancen kwanakin Lutu a Luka 17:28, abin da ya lissafta shi ne ci da sha, saye da sayarwa, shuka da gini. Waɗannan ba su ba mai bi tsoro. Mutum yana iya ƙyamar fasikancin gari ya kuma ƙaunaci jin daɗin garin, da wuya kuma ya bar shi. Bitrus ya ce ran Lutu yana shan azaba kowace rana saboda abin da yake gani da ji. Ya sha azabar shekara da shekaru, bai kwance kaya ba.

Abin da gidan ya biya

Da mala'iku biyu suka zo, an ga sauran kirki a wurinsa: ya karɓi baƙi, ya tsaya tsakaninsu da taron. Amma an ga kuma abin da birnin ya yi wa hankalinsa, gama don ya kare baƙi ya miƙa 'ya'yansa mata ga 'yan iska. Mutanen garin suka tuna masa shi baƙo ne, ba shi da bakin yi musu shari'a. Shekarun da ya yi yana zama da su lafiya ba su saya masa daraja ba. Da ya je wurin surukansa ya ce su tashi su tsira, sai suka ɗauka wasa yake yi (19:14). Wannan aya tana da ɗaci ga kowane uba. Mutumin da ba a saba jin maganar Allah a bakinsa ba, ranar da ya faɗe ta da gaske za a yi masa dariya, har a cikin gidansa.

Ibrahim ya roƙi Allah saboda birnin, ya sauko daga adalai 50 zuwa 10, ya tsaya. Ba a sami goman ba. Lutu da kansa ya yi ta nawa da asuba, sai da aka kama hannunsa aka fitar da shi, ko a nan ma ya roƙa a bar shi ya shiga Zowar don ƙaramin gari ne. Matarsa ta waiwaya ta zama umudin gishiri. 'Ya'yansa sun fita daga Saduma, amma tunanin Saduma ya fita tare da su, ruwan inabi kuma ya ƙarasa aikin a cikin kogo.

Shin a gudu daga birni ne?

Ba haka darasin yake ba. Yesu bai roƙa a ɗauke almajiransa daga duniya ba, sai dai a kiyaye su daga Mugun (Yahaya 17:15). Bulus ya ce wa Korantiyawa guje wa masu zunubi ɗungum zai zama barin duniya ne (1 Korantiyawa 5:9-10). Yusufu ya yi mulki a Masar, Daniyel ya tsufa a Babila, ba su lalace ba. Ƙauye ma ba mafaka ba ne, yana da gidan burukutunsa da bokansa. Ban da haka, a yau ba sai an yi ƙaura ba. Wayar hannu tana kai caca da hotunan batsa har ɗakin kwanan yaro, a gidan fasto da na dattijon ikkilisiya. A 2018 gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin saboda yadda matasa da matan aure suka mai da shi abin maye, ba kuwa 'ya'yan marasa bi kaɗai suka sha shi ba.

Bambancin Daniyel da Lutu yana wurare biyu da ake iya gani. Daniyel ya ƙudura a ransa tun ranar farko abin da ba zai taɓa ba, yana kuma da abokai uku masu tsoron Allah, yana durƙusawa sau uku a rana har maƙiyansa sun san lokacin. Game da Lutu kuwa, Littafi Mai Tsarki bai ambaci bagade ko ɗaya da ya gina ba, alhali Ibrahim da isarsa Mamre ya gina. Ba a ambaci abokin bangaskiya da yake da shi a birnin ba, ba a kuma ce ya taɓa hawa tudu ya nemi shawarar baffansa ba.

Saboda haka iyalin da aiki ya kai wani gari, su nemi ikkilisiya kafin su biya kuɗin haya, su tafi da takardar shaida daga fastonsu, uwargida ta shiga Zumuntar Mata, yara su shiga ƙungiyar matasa. Addu'ar iyali ta sami lokacinta da aka sani, ko minti 15 ne kafin kwanciya, maigida kuma ya bi da ita da kansa, kada ya bar wa mace kullum. Iyaye su san sunayen abokan 'ya'yansu da gidajensu, su san abin da ke cikin wayar da su suka saya. Ikkilisiyar gida ita ma tana da aiki. Farawa 19:29 ta ce Ibrahim ne Allah ya tuna da shi ya fitar da Lutu, wato addu'ar wanda yake kan tudu ta kai cikin kwari. Dattawa suna iya riƙe sunayen 'ya'yan ikkilisiya da suka tafi makaranta, bautar ƙasa ko neman aiki, a riƙa ambatonsu a taron addu'a, a kuma kira su.

Zuriyar kogon nan ta zama Mowabawa da Ammonawa, waɗanda suka daɗe suna wahalar da Isra'ila. Daga Mowab ɗin ne, bayan ɗaruruwan shekaru, Rut ta fito. Ta bar ƙasarta da allolinta ta bi surukarta Na'omi zuwa Baitalami, ta auri Bo'aza, ta haifi Obida kakan Dawuda, Matiyu kuma ya rubuta sunanta a cikin asalin Yesu Almasihu (1:5).