Gyaran Titin Kantuna: Kuɗin Hukuma Da Shawarar Jama'a

Kusan kowane gari, babba ko ƙarami, yana da wani titi guda wanda shi ne cibiyar cinikinsa. A nan za ka tarar da kantunan kayan masarufi, da teloli, da masu sayar da magani, da masu gyaran waya, da masu shayi, da mata masu tuyar ƙosai. Baƙo in ya sauka a tasha, da wannan titi yake auna garin. In ya gan shi tsaf sai ya ce mutanen nan suna da tsari, in kuwa ya tarar da shi cikin taɓo da shara, to, ya riga ya yanke hukunci tun bai gaisa da kowa ba. Banda wannan kuma, da yawa daga cikinmu ɗaliban wannan makaranta, daga irin wannan titi iyayenmu ke samo kuɗin sabulunmu da na littattafanmu. Saboda haka na ga ya dace in yi ɗan bayani a kan wanda nauyin gyaransa ke kansa, da kuma dalilin da ya sa kuɗi kaɗai ba su isa ba, sai an haɗa da shawarar mutanen da ke wuni a wurin.

Nauyin Wa Ne?

Mutane da yawa in sun ga lambatu ya toshe sai su ce gwamnati ba ta aiki, ba su tantance wace gwamnati suke nufi ba. Alhali kuwa doka ta riga ta raba aiki. Tun daga gyaran da aka yi a 1976, ƙaramar hukuma ta zama hawa na uku na mulki a Nijeriya, kuma Tsarin Mulki na 1999 ya jera ƙananan hukumomi 774. A jadawali na huɗu na wannan tsarin mulki an lissafa ayyukansu ɗaya bayan ɗaya. Daga ciki akwai kafa kasuwanni da tashoshin mota da kwatar mahauta, da gina tituna na cikin gari, da fitilun titi, da magudanan ruwa, da kwashe shara, da sa wa tituna suna da ba gidaje lamba, da kuma sa ido a kan kantuna da rumfuna da gidajen abinci. Watau duk abin da titin kantuna ke bukata yana cikin wannan jeri.

Kuɗin aikin kuwa ta hanya biyu suke zuwa. Ta farko ita ce kason da ƙananan hukumomi ke samu daga asusun tarayya, wato kashi 20.6 cikin 100 na abin da ake rabawa. Ran 11 ga watan Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyansu wannan kaso kai tsaye, ba ta hannun gwamnatocin jihohi ba. Hanya ta biyu ita ce kuɗin shiga na cikin gida, irin su kuɗin rumfa, da na lasin kanti, da na tasha, waɗanda 'yan kasuwa ke biya ana ba su rasit. To, tun da aljihun jama'a kuɗin suka fito, jama'a na da haƙƙin a tambaye su kafin a kashe.

Abin Da Ya Faru A Wata Unguwa Ta Landan

Domin a ga yadda kuɗi da shawara ke tafiya tare, bari in kawo misali daga Ingila, wanda malaminmu na labarin ƙasa ya fara ba mu labarinsa, ni kuma na bi na ƙara karantawa. A arewa maso gabashin birnin Landan akwai ƙaramar hukuma mai suna Waltham Forest, a cikinta kuma akwai unguwar Walthamstow, inda wani ɗan siririn titin kantuna yake, ana ce da shi Titin Orford. Motoci masu gudun cunkoson manyan hanyoyi sun mai da unguwar hanyar yanke, har mai tafiya a ƙasa ba ya sakewa.

A 2014, lokacin Boris Johnson yana magajin garin Landan, hukumar sufuri ta birnin ta ba wannan ƙaramar hukuma fam miliyan 27 domin ta gyara titunanta yadda masu tafiya a ƙasa da masu keke za su ji daɗinsu. Shirin an yi masa laƙabi da Ƙaramar Holan, saboda ƙasar Holan ta yi suna wajen hawan keke. Majalisar ba ta fara da zuba siminti ba. A watan Satumba na wannan shekara sai ta yi gwaji na 'yan makonni, ta datse wasu tituna da shingen da ake iya ɗaukewa, don a ga abin da zai faru. Nan fa ƙura ta tashi. Wasu suka ce ba a sanar da su yadda ya kamata ba, wasu 'yan kasuwa suka ce in mota ba ta wucewa ciniki ya mutu. Bayan gwajin majalisa ta kira tarurruka, ta karɓi ra'ayoyin mazauna unguwa, ta yi wa shirin gyaran fuska. Daga bisani aka faɗaɗa gefen titi na masu tafiya a ƙasa, aka dasa itatuwa, aka hana motoci bin wani sashe na Titin Orford daga ƙarfe 10 na safe zuwa ƙarfe 10 na dare, sai wata ƙaramar bas da aka yarje wa a lokacin.

Kada mai karatu ya zaci kowa ya yarda. Ranar buɗe titin, a watan Satumba na 2015, masu adawa suka zo ɗauke da akwatin gawa, wai suna jana'izar unguwarsu. Suka kuma kai ƙara babbar kotu a kan cewa ba a yi shawara da jama'a bisa ƙa'ida ba, amma a watan Nuwamba na 2015 kotu ta kori ƙarar. Da aka sake ƙirga motoci a 2016, sai aka tarar sun ragu da fiye da rabi a titunan cikin unguwar, ko da yake sun ƙaru a wasu manyan hanyoyin da suka kewaye ta. Masu gidajen abinci suka samu wurin fito da tebura waje, titin da aka yi wa jana'iza ya zama wurin da mutane ke zuwa daga wasu unguwanni.

Akwai wani abu guda a labarin da ya fi jan hankalina. A wani titin kantuna na wannan ƙaramar hukuma, mai suna Lea Bridge, an tambayi masu kantuna ta yaya masu sayensu ke zuwa. Suka ce kashi 63 cikin 100 da mota suke zuwa. Da aka tambayi masu sayen da kansu, sai aka ga kashi 20 ne kawai ke zuwa da mota, mafi yawa a ƙasa suke takowa ko su hau bas. Ashe mutum na iya shekara ashirin a bakin kantinsa bai san yadda masu sayensa ke iso shi ba.

Darussan Da Ke Ciki

Lalle matsalar titunanmu dabam take da ta Landan. A titin kantunan garinmu abin da ya dame mu shi ne ruwan damina da ke shiga kantuna, da ƙurar rani, da duhun dare, da manyan motocin da ke sauke kaya da tsakar rana su tare hanya. Don haka ba hana mota nake cewa mu kwaikwaya ba. Hanyar da aka bi ita ce abin dubawa, kuma ga darussa biyar da na tsamo.

Na farko, a tambaya tun kafin a zana taswirar aiki. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kawuna tela ne a titin garinmu, kuma ko cikin dare ka tashe shi zai nuna maka daidai inda ruwa ke taruwa in an yi ruwan sama, da kwalbatin da ya yi ƙanƙanta. Injiniyan da ya zo da rani ba zai ga wannan ba. In aka shimfiɗa kwalta ba a fara da lambatu ba, damina biyu sun isa su cinye ta, kuɗin jama'a sun bi ruwa ke nan.

Na biyu, a haɗa tambaya da ƙirga. Labarin Lea Bridge ya nuna mai kanti ya san yoyon ɗakinsa, amma bai san komi ba. Mai saye ma yana da abin faɗa, mai wucewa ma haka. Kafin a yanke faɗin gefen titi, ko wurin tsayawar a-daidaita-sahu, sai a san mutum nawa ke bi a ƙasa, nawa ke kan babur, nawa ke cikin mota, da kuma lokacin da cunkoso ya fi tsanani.

Na uku, a yi gwaji da abu mai araha. In ana tunanin hana manyan motoci sauke kaya bayan ƙarfe 8 na safe, ai ganguna da igiya sun isa a gwada na mako biyu. In ya yi kyau a tabbatar, in bai yi ba a kwashe ganguna, ba wanda ya yi hasara. Siminti kuwa in ya bushe, gyaransa sai da guduma.

Na huɗu, a nemi waɗanda ba a cika jin muryarsu ba. In an kira taro a sakatariya da ƙarfe 11 na safe, manyan 'yan kasuwa masu yaran kanti ne za su zo. Mai tebur ba zai bar teburinsa ba, mai ƙosai ba za ta bar kaskonta ba, ɗan dako yana can yana neman na abinci. Haka kuma makaho da gurgu, waɗanda buɗaɗɗen lambatu ya fi kowa cutarwa, ba mai tuna ya gayyace su. Ya kamata kansila ya bi su inda suke, tare da mai unguwa da sarkin kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin sana'a, a lokacin da ciniki ya lafa. A kuma samu mata su shiga gidaje su ji ta bakin matan aure, tun da yawancin abin da ake saye a titin su ne ke aikowa a sayo.

Na biyar, wanda a ganina ya fi duka nauyi, kada gyara ya zama kora. Titi in ya yi kyau, kuɗin haya kan tashi, mai ƙaramin jari kuwa shi ake fara turewa. Tun kafin a soma aiki ya kamata a rubuta sunan kowane mai tebur da mai rumfa, a nuna masa inda zai zauna har a gama, da inda zai koma bayan an gama, a ba shi takarda a hannu. Titin da ya yi sumul amma yaran mai shayi sun bar makaranta saboda an tashi ubansu, wa aka gyara wa?

Har ila yau a sani shawara ba ta nufin kowa zai gamsu. Ko a Landan, bayan duk tarurrukan, an ɗauko akwatin gawa. Abin da ake bukata shi ne hukuma ta saurara, ta gyara abin da ke gyaruwa, ta faɗa wa waɗanda ba a bi ra'ayinsu ba dalili. Sa'an nan ta manna takarda a bakin titi mai nuna kuɗin aikin, da sunan ɗan kwangila, da ranar gamawa, yadda kowa zai karanta.

Abin Da Za Mu Iya Yi

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, ƙirgar nan da na ambata ba ta fi ƙarfinmu ba. Da hutu, mu 'yan gari ɗaya muna iya neman izinin mai unguwa, mu rabu biyu-biyu a bakin titi da littafi da fensir, mu ƙirga masu wucewa awa-awa, ranar kasuwa da ranar da ba ta ci. Mu zaga kantuna cikin ladabi mu tambayi kowa abubuwa uku da suka fi damunsa. In mun dawo makaranta, malaman lissafi da na labarin ƙasa za su taimaka mu tsara shi cikin jadawali da taswira, mu miƙa wa kansilan mazaɓarmu. Takarda mai adadi ta fi ƙorafin bakin titi shiga kunnen hukuma.

Ku kuma iyayenmu, ina roƙonku da girmamawa ku riƙa adana rasit na duk abin da kuka biya, domin shi ne shaidarku ranar da za ku tambayi inda kuɗin suka tafi. In an kira taro ku halarta, in ba a kira ba ku haɗu ku nemi a kira. In an gama aiki kuma, sharar lambatu ta gayya sau ɗaya a wata za ta sa ya daɗe, don kuwa ba hukumar da za ta iya tsare kowane kwalbati daga leda. An ce shawara ɗaukar ɗaki, hukuma ta kama gefe da kuɗinta, jama'a su kama gefe da saninsu. Allah ya sa mu ga titunan garuruwanmu sun gyaru, kowa yana wurin sana'arsa.