Nazari: Manhajar Kyauta, Wa Ke Biyan Kuɗin Duba Ta?

Yawancin na'urorin da bankuna da kamfanonin sadarwa ke aiki da su, a Najeriya da sauran ƙasashe, suna ɗauke da manhajojin da ba a sayen su. Waɗannan manhajoji rubutunsu a buɗe yake: kowa na iya karantawa, ya kuma aiko da gyara ko ƙari. Amma gyaran ba ya shiga sai mai kula da manhajar ya duba shi layi-layi ya amince. Galibin masu kulawar 'yan sa kai ne, wasu ma da dare suke aikin bayan sun tashi daga ofis.

A ilmin tattalin arziki, irin wannan manhaja dukiyar jama'a ce, tamkar rijiyar unguwa da kowa ke ɗiba, amma kowa na jiran wani ya yashe ta. Abin da ya yi ƙaranci a nan shi ne lokacin mai dubawa. Kamfani na iya sa ma'aikata goma su rubuta gyare-gyaren da suka dace da kasuwancinsa, ya tura wa mutum ɗaya, sannan ya riƙa tambayar dalilin jinkiri. Da zarar an amince da gyaran, ɗawainiyar kula da shi shekara da shekaru ta koma kan mai kulawa, ko da kamfanin ya daina sha'awar abin.

A watan Afrilun 2014 aka gano ɓarakar Heartbleed a manhajar OpenSSL, wadda ke kare sirrin hada-hadar intanet. Mutum ɗaya ne ya duba gyaran da ya jawo ta a ƙarshen 2011, kuma gudummawar da aikin ke samu a lokacin ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba. Sai bayan ɓarnar ne manyan kamfanoni suka haɗa kuɗi a ƙarƙashin Gidauniyar Linux.

Darasin bai zauna ba. A Janairun 2022, bayan matsalar Log4j, wani babban kamfanin Amurka ya aika wa Daniel Stenberg na Sweden, jagoran manhajar curl, jerin tambayoyi, yana neman amsa cikin sa'o'i 24, alhali babu wata yarjejeniya tsakaninsu. Stenberg ya amsa cewa zai yi bayani da zarar an sa hannu a kwangilar tallafi. Amsa ce ta ɗan kasuwa, kuma ta yi daidai.

Lamarin xz ya fi tayar da hankali. Lasse Collin ya daɗe yana kula da wannan manhaja ta matse bayanai shi kaɗai, ba tare da albashi ba. Daga 2021 wani mai amfani da sunan Jia Tan ya fara aiko masa da gyare-gyare. A 2022 wasu da ba a san su ba suka yi ta ƙorafin cewa Collin yana jan ƙafa, suna matsa masa ya ƙara mai kulawa. Daga bisani Jia Tan ya samu iko, ya kuma dasa ɓoyayyar ƙofa a fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1. Injiniyan Microsoft, Andres Freund, shi ya tona asirin ranar 29 ga Maris, 2024, bayan ya lura da jinkirin kimanin rabin daƙiƙa wajen shiga na'ura. Ba kamfani ne ya yi wannan matsin ba. Sai dai maharan sun yi amfani da salon ƙorafin da masu kulawa suka saba ji kullum, shi ya sa babu wanda ya yi zargin komai.

Ga kamfanin da ya dogara da irin waɗannan manhajoji, hanyoyin biya sanannu ne: kwangilar tallafi, ko ɗaukar mai kulawa aiki, ko ware wa injiniyoyinsa sa'o'in duba gyare-gyaren wasu kafin su tura nasu. Doka ma ta fara shigowa. Dokar Tarayyar Turai kan tsaron kayayyakin dijital ta fara aiki a Disamban 2024, kuma daga Disamban 2027 kamfanin da ke sayar da kaya masu ɗauke da manhaja a kasuwar Turai, ko daga Legas yake, shi zai ɗauki alhakin tsaron manhajar kyautar da ya saka a ciki.