Kerberos: Yadda Kwamfutoci Ke Tantance Juna Ba Tare da Aika Kalmar Sirri Ba

A ma'aikatar da ɗaruruwan kwamfutoci da manhajoji ke haɗe wuri guda, kowace na'ura tana buƙatar tabbacin cewa mai neman shiga wurinta ba sojan gona ba ne. Aika kalmar sirri ta hanyar sadarwa a kowane lokaci ganganci ne, domin mai kutsen da ya laɓe a hanya zai iya tsinkar ta. Wannan matsalar ce Kerberos ya zo ya magance.

Jami'ar MIT ta Amurka ce ta ƙirƙiro shi a shekarun 1980. An fitar da siga ta 5 a 1993, kuma tun daga Windows 2000 shi ne babbar hanyar tantancewa a Active Directory na Microsoft. Sunan na wani kare ne mai kai uku a tatsuniyoyin Girkawa, tsarin ma ɓangare uku ne: mai neman shiga, uwar garken da yake nufa, da cibiyar raba mabuɗai da ake kira KDC, wadda kowa ya amince da ita.

Yadda yake aiki

1. Ma'aikaci zai rubuta kalmar sirrinsa, kwamfutarsa ta sarrafa ta ta zama mabuɗi. Kalmar ba ta barin kwamfutar.
2. Cibiyar za ta aiko masa da babban tikiti, tare da saƙon da mabuɗinsa kaɗai ke buɗewa.
3. Idan yana son shiga ma'ajiyar fayil, sai ya nuna wa cibiyar babban tikitin, ta ba shi ƙaramin tikiti na wannan uwar garken.
4. Uwar garken za ta buɗe tikitin da nata mabuɗin. Idan ya buɗu, ta san daga cibiyar ya fito.

Kowane tikiti yana da wa'adi, galibi awa 10 a Windows. Haka kuma idan agogon kwamfuta ya saɓa wa na cibiyar da fiye da minti 5, za a ƙi karɓar buƙatarta, don kada ɓarawo ya sake amfani da tsohon saƙo.

Inda haɗarin yake

Duk amanar tana hannun cibiya ɗaya. Wanda ya sace mabuɗin asusun krbtgt, wanda da shi ake rufe manyan tikitoci, zai iya ƙera wa kansa tikiti da sunan kowa, har da shugaban sashen kwamfuta. Wannan harin shi ake kira Golden Ticket. Asusun da manhajoji ke aiki da su ma abin hari ne: mai kutse kan karɓi tikitinsu ya koma gefe yana gwada kalmomi har ya dace.

Saboda haka wajibi ne masu kula da tsarin su taƙaita masu iko da cibiyar, su bai wa asusun manhajoji doguwar kalmar sirri, su daidaita agogon na'urori. Idan kuwa ana zargin kutse, sau biyu ake sauya kalmar sirrin krbtgt, domin tsarin yana ci gaba da karɓar mabuɗin da ya gabata.