Yadda Ake Ƙyanƙyashe Kajin Nama Kafin Su Iso Kagoma

Daga ƙarshen watan Oktoba, wanda ya yi sammako zuwa shagunan abincin kaji a Kafanchan zai tarar da kwalaye masu huji-huji jibge a bakin ƙofa, kukan 'yan tsaki na tashi daga ciki. Mata da samari daga Fadan Kagoma da ƙauyukan kewaye sun zo karɓar abin da suka biya kuɗinsa tun makonni. Lissafinsu a bayyane yake: kazar nama, wadda 'yan kiwo ke kira buroila, tana isa yanka cikin mako 6 zuwa 8, don haka tsakon da ya shiga akurki ranar 30 ga Oktoba zai cika mako 8 daidai ranar Kirsimeti. Amma ƙwan da tsakon ya fito daga cikinsa tun 9 ga watan ya shiga injin kwanci. Abin da ya same shi a waɗannan kwana 21, da ma kafin su, shi ne rabin riba ko asarar mai kiwo, tun kafin ta sayi buhun abinci ko ɗaya.

Mataki na farko: iyayen kaji

Aikin yana farawa ne a gonar iyaye. Irin da aka fi sani a Najeriya su ne Cobb 500 da Ross 308 da Arbor Acres, kuma manyan kamfanonin ƙetare ne suka shafe shekaru suna tace su. Layin uba daban, layin uwa daban, sai an haɗa su ake samun tsakon da ke saurin tara nama. Shi ya sa wanda ya ware buroila biyu daga akurkinsa don su hayayyafa ba zai sami irin abin da ya saya ba.

Ana sa zakara ɗaya ga kaji kamar 10. Abincinsu a kan awo yake, domin in aka sake musu za su yi ƙiba, zakara ya kasa barbara, kaza ta rage ƙwai. Suna fara saka ƙwai a wajen mako 24, a ci gaba da kwasa har su haura mako 60. Ba a shiga gonar kai tsaye: sai an yi wanka, an sauya tufafi, an tsoma takalmi a ruwan magani. Jihar Kaduna ta san dalili, don a wata gona a Jaji aka fara tabbatar da murar tsuntsaye mai tsanani a Najeriya, a watan Fabrairun 2006.

Mataki na biyu: kwasa da tacewa

Ana kwashe ƙwai sau da yawa a yini don kada ya daɗe cikin kashi. Mai tsaga, mai datti, mai laushin ɓawo, ɗan mitsitsi da ƙato mai gwaiduwa biyu, duk a ware su gefe. Wanda ya tsallake sai a jera shi a tire, tsinin yana ƙasa, faffaɗan kan yana sama, saboda a can ne gurbin iskar da tsako zai fara shaƙa. A yi masa turaren magani mai kashe ƙwayoyin cuta, a kai shi ɗaki mai sanyin digiri 16 zuwa 18. In ya wuce mako guda a ajiye, yawan waɗanda za su fito yakan fara raguwa kullum.

Mataki na uku: kwana 18 a injin kwanci

Duk abin da inji ke yi kwaikwayon kaza mai kwanci ne, sai dai ita tana rufe ƙwai goma sha wani abu, shi kuwa yana ɗaukar dubbai. Kafin a sa ƙwan, ana barin sa ya ɗumama a hankali na wasu awoyi, don kada ya yi gumi. A ciki abu huɗu ake tsarewa. Zafi ya tsaya tsakanin digiri 37.5 da 37.8. Danshi ya kasance kashi 55 zuwa 60 cikin ɗari. Fanka ta riƙa shigo da sabuwar iska, domin tsako ta ƙananan ƙofofin ɓawo yake numfashi. Sannan juyi: kowace awa tirelolin sukan karkata, wannan karon hagu, na gaba dama, kamar yadda kaza ke sa baki ta mirgina ƙwanta, don kada tsakon ya manne da ɓawo.

A nan ne wutar lantarki ke raba gardama. In zafi ya yi yawa na 'yan awoyi, 'yan tsaki su mutu a ciki ko su fito da nakasa. In ya yi ƙasa, su makara su fito a raunane. Saboda haka babu gidan ƙyanƙyasa na kirki da ba shi da janareta a shirye, da ƙararrawa mai tada ma'aikacin dare in allurar ma'aunin zafi ta gota.

Mataki na huɗu: haskawa da sauya gida

Ranar 18 ake fito da tirelolin a haska su da fitila daga ƙasa. Ƙwai mai tsako baƙi ƙirin yake, haske ba ya ratsa shi. Wanda zakara bai taka ba kuwa sai ya haskaka kamar ƙwan fitila. Shi da baragurbi a cire su, don in baragurbi ya fashe a ciki zai shafa wa saura cuta. Masu rai a kwantar da su a kwanduna, a tura injin ƙyanƙyasa. Daga nan an daina juyi, an ɗan rage zafi, an ƙara danshi don ɓawo ya yi sauƙin fashewa.

Mataki na biyar: fitowa

Tsako yakan fara huda gurbin iska ya shaƙa, sannan ya ƙwanƙwasa ɓawon da wani ɗan tsini da ke kan bakinsa, ya zagaye shi da sara har murfin ya ɓalle. Yana fitowa jiƙe sharkaf, a gajiye, sai ya kwanta ya bushe gashinsa ya tashi. Kafin ya fito ya riga ya janye ragowar gwaiduwa cikin cikinsa, kuma ita ce guzurinsa na kwana biyu zuwa uku. Gida mai kyau yakan sami 'yan tsaki 80 zuwa 85 daga ƙwai 100.

Mataki na shida: zaɓe, rigakafi, hanya

Ma'aikata sukan ɗaga su ɗaya bayan ɗaya su duba cibiya da ido da ƙafa, su fitar da gurgu da wanda cibiyarsa ba ta rufe ba. A fesa wa saura rigakafin cutar Niyukasil, wasu gidajen su ƙara da allura, a ƙirga 50 a kowane kwali, sau da yawa da gyaran ɗaya. Manyan gidajen ƙyanƙyasa da yawa a Ibadan da kewayenta suke, shi ya sa motocin da ke ɗauko su ke tafiyar dare don gudun rana. Tun Satumban 2017 kamfanin Olam ya buɗe nasa a Chikun, kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, wanda aka gina don fitar da 'yan tsaki miliyan 1.6 a mako, abin da ya rage wa Kudancin Kaduna nisa.

Ranar karɓa

Mai kiwo a Kagoma ba ta ga gonar iyaye ba, ba ta ga inji ba, amma kwalin yana ba da labarinsu. Ta buɗe shi a gaban dillali. Ta kwantar da tsako rigingine a tafin hannu: mai lafiya nan take yake wuntsilawa ya miƙe. Ta busa gashin cikinsa ta ga cibiya a rufe, a bushe, babu baƙin ɓawo. Ƙafa ta kasance a cike tana sheƙi, domin busasshiyar ƙafa alamar ya daɗe a hanya ba ruwa. Ta tambayi sunan gidan da ranar da aka ƙyanƙyashe, ta rubuta.

Tun kafin ta fita ya kamata ɗakin ya ɗumama da murhun gawayi zuwa digiri 32 ko 33, an shimfiɗa ɓuntu ko garin katako, taga a ɗan buɗe saboda hayaƙi, balle ga sanyin hunturu na tafe. Ruwa mai ɗan sukari shi ne farkon abin da za su taras, abinci na kusa. Bayan awa ɗaya ta leƙa: in sun cure wuri guda suna kuka, sanyi suke ji, in sun gudu jikin bango suna haki, wuta ta yi yawa, in sun bazu ko'ina suna tsattsaga, to aikin injin ya kai ga gaci, saura nata na mako takwas.