Darasi: Ina aiki ke tafiya in an saki ciniki?

A da gwamnati ce ke riƙe da babban ciniki a Nijar. SONARA ke sayen gyaɗa, COPRO-NIGER ke shigo da sukari da shayi da gishiri. Daga shekarun 1980 aka fara sakin ciniki ga ƴan kasuwa, kuɗin duwan tsakanin ƙasashe maƙwabta kuma ya ragu. Wannan shi ake kira sakin ciniki.

In an saki ciniki, aiki ba ya watsuwa ko'ina daidai. Yana taruwa inda hanya take, da inda iyaka take. A duba Birnin Konni. Garin yana bakin babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi, ga Illela ta Najeriya dab da shi, ga hanyar Sakkwato. Don haka masu canjin naira da sefa, da masu sito, da direbobi, da ƴan dako suka cika shi. Matashin ƙauye da ya gama girbi can yake nufa. Ƙauyen da ke nesa da kwalta kuwa, sai dai ya ba da ƴaƴansa.

Malbaza dabam take. Masana'antar siminti ta fara aiki nan a 1966 don dutsen da ake ƙonawa a yi siminti yana cikin ƙasar wurin. Dutse yana da nauyi, ɗaukarsa tsada, shi ya sa masana'anta ta zo wurinsa. Sakin ciniki bai iya tayar da ita ba, amma ya kawo mata kishiya: simintin waje ya shigo kasuwa. Tsohuwar masana'antar tan 40.000 kawai take iya yi a shekara. Sai da aka gina sabuwa mai iya tan 650.000 ta samu ƙarfin tsayawa.

Albasar Galmi ma ba ta ƙaura, fadama ke riƙe da ita. Kasuwarta ce ta yi nisa, har Gana da Kodebuwa.

Aikin da iyaka ta kawo, iyaka na iya ɗauke shi. Najeriya ta rufe iyakarta daga 1984 zuwa 1986, ta sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Manyan motoci suka tsaya, ɗan dako a Konni ya wuni ba ko dala. A Malbaza kuwa ana nan ana fasa dutse.